Zafin Kai Daban, Tonon Saiwa Daban

Ranar Laraba, 11 ga Nuwamban 2020, aka sallaci gawar Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, tsohon gwamnan Kaduna, a Masallacin Sultan Bello da ke nan Unguwar Sarki a Kaduna. Da aka watse, muka koma teburin mai shayin da muka saba zama. Rediyo na ta maimaita labarin rasuwar, mai karanta labarai ya kira marigayin "ɗan siyasa mai tsattsauran ra'ayi". Wani ɗalibi da ke gefena ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Kawu, ba haka ake kiran 'yan Boko Haram ba?"

Aka yi dariya, amma yaron bai yi shirme ba. Haka ake kiransu. Haka kuma ake kiran Malam Aminu Kano, da Fidel Castro na Kyuba, da duk wani malami mai zafin wa'azi. Kalma ɗaya muka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfin jaki uku, ga shi kuwa har ta fara ɗingishi.

Asalin matsalar daga fassara ne. Kalmar da Turawa ke faɗi, radikal, ta fito ne daga kalmar Latin mai nufin saiwa. Da masu fassara a gidajen rediyo suka zo mayar da ita Hausa, sai suka kama halin mutumin, wato tsauri, suka bar abin da yake nema. Tsauri kuwa kowa na iya yinsa. Akwai mai tsauri wajen kare abin da ya gada, akwai mai tsauri wajen rusa shi. Kalmar ta asali ba ta auna zafin kai. Zurfin sauyin da mutum ke so take aunawa.

Duk wanda ya taɓa noman dawa ya san ƙuduji. Za ka gan shi da furensa mai kyau a tsakanin kunya, amma aikinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, ya manne wa saiwar dawa yana tsotse ta. Manomi na farko zai ce haka ya tarar da gonar tun zamanin kakansa, kuma ba a fasa cin tuwo a gidan ba, a bar ta yadda take. Wannan shi ne mai ra'ayin riƙau, wanda ake kuma kira ɗan mazan jiya. Na biyu zai bi kunya-kunya kowace damina yana tsinke abin da ya leƙo sama. Shi ne mai neman gyara. Na uku zai ce tsinkewa ɓata lokaci ne tunda irin yana cikin ƙasa, sai dai a sauya shuka gaba ɗaya ko da za a yi asarar damina biyu. Shi ne mutumin da muke magana a kansa, mai neman sauyi daga tushe. Yana iya zama mai sanyin murya. Waɗanda suka san Malam Aminu sun shaide shi da raha da barkwanci, ba da tada jijiyar wuya ba.

To wane ƙuduji ne su Malam suka gani? Sai an san yadda En'e take kafin a gane. A Arewa ta zamanin Turawa, sarki ne ke riƙe da kotu, shi ke da 'yan doka, shi ke da gidan yari, baitulmali ma a ƙarƙashinsa yake. Daga shi sai hakimi, sai dagaci, sai mai unguwa. Ta wannan tsani haraji ke hawa, jangali ma haka. Lokacin karɓa kuwa da kaka ne, daidai sa'ar da gyaɗa da auduga suka cika kasuwa, don haka dole manomi ya sayar a farashin da ya tarar. In ya ga an zalunce shi, ina zai kai ƙara? Gaban alƙalin da sarkin ya naɗa. In alƙali ya ɗaure shi, a gidan yarin wa zai kwana? Ba lallai ne a ce kowane sarki azzalumi ne ba. Akwai adalai. Maganar ita ce, ranar da aka samu azzalumi, babu ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa wadda mabuɗinta ba ya aljihun mutumin.

Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ba ta musa cewa akwai gyara ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa da kansa ya tashi a majalisa a nan Kaduna a 1950 ya nemi a gyara tsarin En'e. Amma gyara a hankali, da yardar sarakuna. A ranar 8 ga Agustan wannan shekarar wasu matasa takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, suka kafa NEPU a Kano, Jam'iyyar Neman Sawaba. Ba da daɗewa ba Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa a Maru ya shigo, ya zama shugabanta a 1953. Takardar manufofinsu ta Sawaba ta faɗi abin da ba a saba ji ba: cewa talakawa ɓangare guda ne, masu riƙe da En'e ɓangare guda, kuma abin da zai amfani wannan shi zai rage wa wancan. Ba su ce a kawar da sarauta ba. Cewa suka yi a raba sarki da kotu da 'yan doka da kuɗin jama'a, a mayar da su hannun waɗanda jama'a suka zaɓa. NPC na cewa Salama, NEPU na cewa Sawaba, kuma in ka lura, kalmomin biyu sun riga sun faɗi komai: ɗaya na neman a zauna lafiya yadda ake, ɗaya na neman a sauke kaya.

Wannan ke nan game da zurfi. Saura hanya, kuma a nan ne juyin juya hali ke shigowa.

Mai neman sauyi daga tushe yana iya bin akwatin zaɓe. Amma in aka toshe akwatin fa? A zaɓen 1951 an yi abin hawa-hawa ne: unguwa ta zaɓi wakilai, su zaɓi na gunduma, su kuma su zaɓi na lardi. 'Yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano. Sai dai doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, kashi goma cikin ɗari, ga hakimai da dagatai da suka cika wajen. Da aka tace aka sake tacewa, ko mutum ɗaya na NEPU bai iso majalisar Kaduna ba. Bayan haka ga ɗauri, ga bulala, ga 'yan Mahaukata da ake sakar musu a titunan Kano. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha shiga gidan yari saboda taron siyasa, a lokacin da matan Arewa ko ƙuri'a ba su da ita. Duk da haka NEPU ba ta ɗauki makami ba.

A ƙetaren iyaka kuwa, kalmar nan ta Sawaba ta bi wata hanya. Jam'iyyar Djibo Bakary a Nijar ta ɗauki sunan. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumban 1958 ta ce a'a ga zama ƙarƙashin Faransa, ta sha kaye, aka haramta ta a 1959. Shugabanninta suka yi gudun hijira, matasanta suka tafi koyon yaƙi a ƙasashe irin su Sin da Aljeriya, suka dawo da bindiga a 1964. An murƙushe su cikin ɗan lokaci. A 1965 aka jefa wa Shugaba Diori Hamani gurneti a filin Idi a Yamai, ya tsira. Suna ɗaya, harshe ɗaya, talakan ma kusan ɗaya ne, amma Sawabar Kano ta tsaya a neman sauyi, ta Yamai ta tsallaka zuwa neman juyin juya hali.

Mutane da yawa na rikita juyin juya hali da juyin mulki, kuma mu 'yan wannan unguwa bai kamata mu rikita ba, domin darasin a bayan gidanmu aka yi shi. Daga Masallacin Sultan Bello zuwa Gidan Arewa da ke titin Rabah ba wata tafiya ba ce. A wannan gida, a daren 15 ga Janairun 1966, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu da yaransa suka kashe Sardauna Ahmadu Bello da uwargidansa Hafsatu. Da gari ya waye, Nzeogwu ya yi jawabi ta rediyon Kaduna da sunan majalisar ƙoli ta juyin juya hali. Sunan da ya ba abin ke nan. Amma me ya juya? 'Yan tsirarun hafsoshi ne suka shirya abinsu a ɓoye, babu manomi ko leburan reluwe da ya san da zancen, kafin mako ya zagayo mulki na hannun Janar Ironsi, hakimi na nan a gidansa, haraji na nan a wuyan mai biyansa. Abin da ya biyo baya shi ne ramuwar Yuli da yaƙin basasa. Juyin mulki kamar juyin waina ne. Ta sama ta koma ƙasa, amma tandar ita ce, ƙullun ma shi ne.

Juyin juya hali kuwa, kalmar da kanta ta faɗa: hali ne ke juyawa, wato yanayin zaman jama'a. Wa ya mallaki ƙasa, wa ke yin doka, wa ke durƙusa wa wa. A Faransa a 1789 ba sarki kawai aka taɓa ba, ko da yake a 1793 an fille masa kai. An soke gatan 'ya'yan sarauta, an ƙwace filayen coci, an ce kowa ɗan ƙasa ne daidai da kowa a gaban doka. Daga majalisar wancan lokaci ma aka samo maganar 'yan hagu da 'yan dama, saboda masu goyon bayan sarki sun zauna a hannun daman shugaban majalisa, masu neman sauyi a hagu. Wannan rabo bai taɓa zama daram a bakin Bahaushe ba, kuma ban ga laifinmu ba. Wa zai yarda a kira shi ɗan hagu a ƙasar da ake dukan hannun yaro in ya karɓi abu da hagu? A Rasha a 1917 su Lenin sun ƙwace gonaki da masana'antu da bankuna. A Sin a 1949 su Mao sun yi haka da rundunar manoma. Kowanne cikinsu ya ci rayuka masu ɗimbin yawa, wasu a fagen daga, wasu a kurkuku, wasu da yunwa, kuma duk mai kwaɗayin kalmar ya kamata ya san farashinta.

Ba sai mun je Turai ba ma. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, daga hijira zuwa Gudu a 1804 har faɗuwar Alƙalawa a 1808, ya cika sharuɗɗan. Gidajen sarauta sun sauya, tushen doka ya sauya, malami ya hau inda ɗan sarki yake. Littafin Kitabul Farƙi da ake jinginawa Shehu ya lissafa laifuffukan sarakunan Haɓe, ciki har da jangali da gaisuwar da ake kai wa masu mulki. Amma tun ba a gama yaƙin ba ƙanensa Malam Abdullahi ya ga take-taken wasu na neman mulki da dukiya, ransa ya ɓaci ya bar rundunar ya nufi gabas, sai a Kano aka shawo kansa. Shekara ɗari da hamsin bayan haka, jangalin nan dai jikokin masu jihadi ke karɓarsa, su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu kuma suna buɗe littattafan Shehu suna kafa musu hujja. Wannan ce cutar da ke bin kusan kowane juyin juya hali: wanda ya tono saiwa, in bai yi hattara ba, shi zai zama sabuwar saiwar.

Akwai wanda ya shigo ta ƙofar juyin mulki ya yi ƙoƙarin mayar da shi juyin juya hali. Thomas Sankara ya hau a Agustan 1983, ya rage ƙarfin sarakunan gargajiya, ya sauya wa ƙasarsa suna zuwa Burkina Faso, aka kashe shi a Oktoban 1987. Shekara huɗu ba ta isa a yanke hukunci ba, shi ya sa har yau ake gardama a kansa.

Sai kalmomin tattalin arziki, waɗanda a ganina masu fassara sun fi yin dace a kansu. Jari-hujja: jarinka shi ne hujjarka, ba sai an ƙara bayani ba. Gurguzu kuwa daga yin abu a gurguzu ne, a haɗe, ba nawa ba naka. Kwaminisanci shi ne ƙarshen hanyar, inda ake fatan babu mai masana'anta babu lebura. Karl Marx, wanda shi da Engels suka fitar da shelarsu a 1848, hujjarsa ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙu ke aiki, tun daga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957. Masaƙi ya saƙa yadi na naira goma, an biya shi naira biyu, an cire kuɗin auduga da wuta da gyaran inji, abin da ya rage ya tafi wurin wanda bai taɓa zare ba. Ɗan jari-hujja zai ce wannan ladan kasadar da ya yi ne da dukiyarsa, ba don shi ba da babu injin. Ɗan gurguzu zai ce gumin masaƙi ne aka tara ya zama injin. Duk rigimar a nan take. Abin takaici, masaƙun sun rufe, babu mai jarin babu leburan, sai gine-gine da ciyawa.

'Yan NEPU an sha jifansu da kwaminisanci, wanda a bakin masu jifan daidai yake da kafirci. Galibinsu kuwa teloli ne da 'yan koli da mahauta da malaman zaure da ba su taɓa jin sunan Marx ba. Masu karatun Marx sai daga baya suka zo, daga Jami'ar Ahmadu Bello, a zamanin PRP, jam'iyyar da ta gaji NEPU. Fitaccensu Dakta Yusufu Bala Usman, jikan Sarkin Katsina Dikko, wanda ya zama sakataren gwamnatin Balarabe Musa. Malam Aminu ma ɗan gidan alƙalai ne. Aƙida ba a gado take zuwa ba.

A 1979 aka samu abin da NEPU ba ta taɓa samu ba. PRP mai alamar mabuɗi ta ci gwamna a Kano da Kaduna, tsohuwar Kaduna da ta haɗa da Katsina. Abubakar Rimi da Balarabe Musa suna hawa suka soke haraji da jangali. Sauran kayan En'e kuwa, kotu da 'yan doka da gidan yari, tuni sojoji suka karɓe su a zamanin Gowon, gwamnatin da Malam Aminu ya yi wa kwamishinan tarayya. Abin dariya ne ko na kuka, rabin buƙatun masu neman Sawaba masu kaki ne suka biya su da dokar soja.

Balarabe ya kayar da Lawal Kaita na NPN, amma majalisar da ke zama a Lugard Hall kusan kashi biyu cikin uku 'yan NPN ne. Ya aika sunayen kwamishinoni suka ƙi, ya sake aikawa suka ƙi. Su suna so a dama da su, shi ya ce jama'a ba su zaɓe shi don ya raba kujeru da waɗanda ya zo kawarwa ba. Haka ya yi mulki babu kwamishina ko ɗaya. A cikin gida kuma jam'iyya ta dare biyu a 1980, kan ko gwamnonin za su ci gaba da zama da takwarorinsu na UPN da GNPP. Ɓangaren gwamnoni da 'yan jami'a aka kira Santsi, ɓangaren Malam aka kira Taɓo. Sunayen zolaya ne: waɗancan sun zame, waɗannan sun kafe. Ka ga ashe a cikin masu neman sauyi ma ana samun mazan jiya, kuma wanda aka ɗaure jiya saboda zafinsa, yau yaransa ke cewa ya yi sanyi. Ranar 23 ga Yunin 1981 majalisa ta tsige Balarabe Musa, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya. Mako biyu da 'yan kwanaki bayan nan, ranar 10 ga Yuli, tarzoma ta ɓarke a Kano saboda takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe mai ba gwamna shawara kan siyasa, Dakta Bala Muhammad, a gidansa.

Ni a ganina, a kan Balarabe mai karanta labarai bai yi kuskure sosai ba, don shi ya haɗa biyun, zurfin da tsaurin. Har gobe ana iya gardama ko da ya ɗan sassauta ya ba NPN kujera uku ko huɗu, da ya cika wa'adinsa ya yi wa talakan aikin da ya fi haka. Amma bai aika kowa ya kashe kowa ba. An tsige shi, ya koma gonarsa.

Dole kuma in yi wa ɗalibin nan adalci. 'Yan Maitatsine da suka tayar da Kano a Disambar 1980, da 'yan Boko Haram a yau, su ma daga tushe suke so su tumɓuke komai. Hitler ma haka. Saboda haka kalmar ba yabo ba ce, ba kuma zagi ba. In an ce mutum na neman sauyi daga tushe, saura ka tambayi abin da zai shuka a gurbin, da wanda zai taka kafin ya isa. Ga mai yanka mutane a kasuwa da masallaci muna da kalmar da ta dace da shi, ɗan ta'adda. Ga wanda ba ya jin kira muna da ɗan-ta-kife. Ga mai fito-na-fito da hukuma da makami muna da ɗan tawaye. Ga irin su Gambo muna da 'yar gwagwarmaya. Ba mu rasa kalmomi ba, ƙyuya ce kawai ta sa muke zuba su a buhu ɗaya.

Duk wannan surutu da nake yi, akwai wani dattijo a ƙarshen benci, tsohon tela, ɗan PRP tun tana da mabuɗi a bango. Bai sa baki ba. Sai da na yi shiru ya laluba aljihun 'yar-shararsa ya ciro wata leda, ya warware, ya fito da wata 'yar takarda da ta koma launin ƙasa, ta tsage ta wajen ninki. Rasiɗin harajin mahaifinsa ne na 1978. Ya miƙa wa ɗalibin.

"Riƙe da kyau, ɗana. In ba ka da wannan a aljihu, ba ka isa ka shiga mota zuwa Zariya hankali kwance ba. Na ga an zaunar da babana a rana a ƙofar gidan dagaci tun hantsi har azahar saboda ita."

Yaron ya jujjuya takardar, ya ɗauki hotonta da waya. "To Baba, wannan da kuka yi, juyin juya hali ne ko gyara?"

Tsohon ya karɓi abarsa, ya ninke ta yadda take, ya mayar cikin leda. "Ku 'yan boko ku za ku raɗa masa suna. Mai shayi, ƙara mini ruwan zafi, wannan ya huce."